Maharazu Na-Tarayya da Riƙon Baffa

Allah ya yi wa Landan gyaɗar dogo a shekarar 1975, domin a cikinta Malam Maharazu ya sauka. Mataimakin magatakarda ne a wata kotun tarayya da ke Legas, gwamnati ta turo shi kwas na wata uku da kuɗin man fetur. Mu 'yan unguwar Tottenham Na-Tarayya muke ce masa, don ko gaisuwa ba ya amsawa sai ya sako tarayya a ciki. Mutum ne mai sauƙin kai ƙwarai, har jirgin ƙarƙashin ƙasa yake shiga tare da talakawa.

Ashe tun kafin zuwansa baffansa, Alhaji Nata'ala, yana kwance a wani asibiti a Camberwell da shanyewar ɓarin jiki. 'Yarsa Sakinatu ce ke jinyarsa wata bakwai, kuma kotun nan Ingila ta damƙa mata kula da lamuransa. Likitoci sun ce idan aka ɗora tsohon a jirgi yanzu, da wuya ya sauka da rai.

Na-Tarayya ya ji labari, ransa ya ɓaci. Yaya za a ba mace riƙo ga masanin doka a dangi? Shi da rabonsa da Baffa tun yana makarantar midil, tausayi ya taso masa rana tsaka. Gidan Alhaji mai hawa uku a Tottenham bai taɓa zuwa masa a rai ba, Allah ya kiyaye.

Ya rubuta wa kansa takarda, ya buga mata hatimin ofishinsu, ya doshi ofishin jami'ar walwala ta asibitin, Sakinatu na zaune.

"Da ikon Gwamnatin Tarayya na karɓi riƙon Baffa," in ji shi. "Na yi booking ɗin jirgi, ranar Asabar zai koma gida. Tarayya tana sama da jiha, jiha tana sama da En'e, to ina council ɗinku zai tsaya? Ke kuma Sakinatu, zauna ki ga aikin manya."

"Yaya, ka tsaya ka ji likita mana," in ji Sakinatu, idonta ya kawo ruwa. Ni da na rako ta ina gefe ina kallo.

Ashe jami'ar, Madam Eunice, 'yar Jos ce, ta kuma taɓa aikin kotu a gida. Ta karanta takardar a tsanake, ta amsa masa da Hausa garau.

"Ranka ya daɗe, ikon kotunku bai ƙetare teku ba. Ko a gida ma, riƙon marar lafiya irin wannan na alƙalin garinsu ne. Taku kotun ai ta haraji ce da kwastan. Ko Alhaji buhun siminti ne da ya maƙale a tashar jiragen ruwa ta Apapa?"

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, amma na Maharazu ya sarƙe. Ya gyara laktayen wuyansa, ya ce zai ɗaukaka ƙara, amma tukuna zai shiga ya ji ta bakin Baffa, wanda ya fi kowa sanin darajarsa.

Madam Eunice ta ce ba a shiga ɗakin sai da izinin Sakinatu. Babban jami'in tarayya ya juya ya roƙi ƙanwarsa, ta ba shi minti goma.

Alhaji ya buɗe ido da ƙyar, ya dubi kwat ɗin, ya dubi fuskar, ya riƙo hannun 'yarsa.

"Sakinatu," in ji shi, "wannan ɗan waye?"