Waken Furofesan Kwana Uku

Duk wanda bai ga Malam Ikrima ba ran da ya dawo daga bita a Kaduna, to ya yi asarar kallo. Kwana uku kacal ya yi a can, amma ya dawo da jakar hannu, da kati rataye a wuya, da tafiyar da ba da ita ya bar gida ba. Shi ne hedimastan wata firamare da ke bayan Kurmin Kogi, kuma Allah ya sani ƙauyen bai cancanci irin wannan baiwa ba. Malamai suka raɗa masa Furofesan Kwana Uku. Da ya ji, sai ya ce a riƙa tsayawa a kan Furofesa, ya fi sauƙin faɗa.

Ranar Litinin ya faɗo aji huɗu, inda Malama Talatu ke koyar da yadda iri ke tsirowa. Shekararta goma sha biyu a ajin. Yara sun shuka wake a gwangwanayen tumatir da suka huda da ƙusa, an jera a bakin taga. Furofesa ya dafe ƙirji.

"Gwangwani mai tsatsa, a ƙarnin nan? Ranar Juma'a jami'ar ilimi za ta zo daga Ikara. In ajin nan ya kunyata ni, Malama, sunanki zan rubuta a mai da ke makarantar tsallaken rafi."

Makarantar nan in ruwa ya sauka ko mai babur ba ya zuwa, ga Malama Talatu da goyo. Tana ji tana gani ya kwashe gwangwanayen ya watsa ta taga.

Ranar Talata ya kawo kofunan roba sababbi fil, masu kyau, marasa huda. Kowace ƙwayar wake ya ba ta takin zamani cikin tafin hannu, don ba ya son rowa. Da ruwan leda ya shayar da su, wai na rijiya bai waye ba. Sannan ya kulle su a kabad ɗin ofis saboda awaki. Wata yarinya, Mukarrama, ta ɗaga hannu ta ce zai ruɓe. Ya tambaye ta ko ta taɓa zuwa Kaduna. Ba ta taɓa ba, aka wuce wurin.

Ranar Laraba ya koyar da babban sirrin bita. "Ilimin zamani shi ne yaro ya faɗi abin da idonsa ya gani, da ƙarfi, ba tsoro!" Yara hamsin suka yi ta maimaitawa har kajin maƙwabta suka watse. Malama Talatu tana bayan aji tana ta salati a zuci.

Alhamis aka buɗe kabad. Warin da ya fito sai da ya kori mai gadi daga inuwarsa. Furofesa ya toshe hanci ya bayyana cewa iri na cikin matakin nazari.

Juma'a da sassafe sai ga kofuna a kan tebur, kowanne da tsiro kore shar, tsawon yatsa, ga takarda an rubuta WAKE da jan biro. Takalmin Furofesa duk laka. Malama Talatu ta kalli tsiron sau ɗaya ta cusa gefen mayafi a baki.

Jami'ar ta iso, wata dattijuwa mai gilashi. Furofesa ya yi jawabin minti ashirin a kan kansa, sannan ya ɗaga kofi sama.

"Yara, me idonku ya gani?"

"TAFASA!"

Rufin kwano ya amsa. Ya sake tambaya, ko ba su ji da kyau ba. Suka ƙara murya, kamar yadda aka koya musu. Ashe da ya je gefen gonar mutane satar tsiron wake, ciyawar da ta fi kore ya zaɓa.

Jami'ar ta juya taga tana gyaran gilashi, kafaɗunta na rawa. Nan ta hango wake na gaske ya fasa ƙasa tsakanin gwangwanaye, ruwan sama ya yi masa aiki. Ta tambayi na wane ne, yara suka haɗa baki.

"Na Malama ne! Furofesa ya zubar!"

Ta sa Malama Talatu ta fita da yara wajen. Mukarrama ta tone ɗaya a hankali ta nuna saiwa da ganye, ta yi bayani tiryan-tiryan.

Bayan sati biyu takardar canjin wurin aiki ta zo, zuwa makarantar tsallaken rafi. Malama Talatu na nan a ajinta. Furofesa kuwa an gan shi a bakin ruwa, ya naɗe wando, jaka a ka, kati a wuya. An ce makarantar tana da fili babba, kuma duk tafasa ce.