Ni da Garba Tsawa, Benci Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa ba (ko na so mantawa ma, 'yan fadarmu ba za su bari ba) da kakar da aka ce za a yi babban bikin kiɗa a garinmu Filinge. Ina da ɗan shago kusa da tasha, inda nake sa wa mutane waƙoƙi a waya, ina kuma sayar da sharja da ƙananan kayan salula. To, wanda yake yini cikin waƙa, kowa yana ɗauka ya san mawaƙa. Ni kuwa ina da wata cuta tun ina yaro: bakina ba ya iya furta "ban sani ba". Ko hanyar garin da ban taɓa zuwa ba ka tambaye ni, sai na kwatanta maka har da inda za ka karya kwana.

An gama yankan hatsi, labari ya bazu cewa magajin gari zai gayyato manyan makaɗa, amma ba a faɗi sunan kowa ba. Sai fadarmu, inda muke zaman shayi da hira, ta koma majalisar hasashe. Kullum bayan la'asar ana dafa shayi ana jera makaɗa, kamar mu ne za mu biya su. Wannan ya ce masu gitar arewa ne za su zo. Wancan ya ce a'a, ƙungiyar matan nan ta Zabarmawa ce, wai ƙanin matarsa ya ji a bakin direban magajin gari. Isa makanike, wanda ya fi kowa gardama, ya ce kowa zai zo ya zo, amma Garba Tsawa ba zai taka Filinge ba, ya yi mana girma.

Garba Tsawa mai gurmi ne da ya haɗa kiɗansa da gita da ganguna, kuma a lokacin babu wayar da ban sa wa waƙarsa ba. Kowa ya san muryarsa, amma ba fuskarsa ba, don a duk bidiyonsa rawani ne ya rufe baki, ga baƙin tabarau.

Na kurɓi shayi na ce, "Garba? Shina zuwa, ni na hwaɗi muku. Benci ɗaya munka zamna da shi lakwal, sa'ad da nike Yamai wurin kawuna. In yaz zo ma, gidana za shi cin abinci."

Wallahi ban shirya wannan magana ba, fitowa kawai ta yi. (A Yamai na yi aji biyu na lakwal, wato firamare, wannan kaɗai ne gaskiya a ciki.) Na ga yau na yi nasara a kan Isa, sai na ji daɗi har cikin raina.

Kafin in isa gida, matar Isa ta riga ta kai wa matata Rabi labari. Rabi ta tare ni a bakin ƙofa fuskarta cike da murna, ta ce, "Ashe kana da aboki irin wanga, ba ka taɓa hwaɗi min ba?" Nan ne fa Allah ya ba ni ƙofar fita. Maimakon in bi ta, sai na gyara hula na ce ai ba komai ake faɗa ba.

Shi ke nan, magana ta fi ƙarfina. Rabi ta ware zabbinta da ta daɗe tana kiwo. Ta sanar da matan unguwa. Ta buga waya Damana ta ce Inna, mahaifiyarta, ta zo ta ga baƙo. Inna kuwa tun aurenmu ba ta cika ɗaukar maganata da nauyi ba, Rabi ce kullum mai kare ni a wurinta. Yanzu ba bakina kaɗai ke cikin haɗari ba, har da mutuncin matar da ta yarda da ni. Fatana guda ya rage: Allah ya sa Isa ne mai gaskiya, Garba kada ya zo, in ce aiki ne ya riƙe shi.

Ana jibi biki na tafi Yamai sarin kaya. A dawowa na shiga motar haya ƙirar hiyas, aka matse ni da wani ɗan siririn mutum mai shiru-shiru, riƙe da wani dogon abu naɗe cikin tsohon bargo kore. Wuri ya yi masa kaɗan, har na karɓi rabin ƙullin na ɗora a gwiwata. Muna wuce Baleyara aka ta da zancen biki, mota ta kaure da musun waye zai zo. Kun dai san sauran. Cutar ta motsa.

Na ba su labarin benci. Na ƙara da cewa Garba bai iya lissafi ba, ni nake ba shi amsa. Na ce muryar nan ma da kamar ta ɗan akuya take, ni na ba shi shawarar shan zuma. Na ce matata ta ware masa zabbi, har surukata na tafe daga Damana.

Maƙwabcina ya juyo a hankali ya ce, "Ikon Allah. Kuma shina gane ka in yag gane ka?"

Na ce, "Ni? Ko cikin duhu."

A Bonkuku mota ta tsaya, ya sayi tsire ya raba da ni. Ya tambayi sunana, da na mahaifina, da unguwarmu, irin tambayar mutunci da matafiya ke yi. Na zayyana masa duka. Ni kuwa ban tambayi nasa ba, don bakina bai samu hutun yin tambaya ba.

Ranar biki da safe aka sanar: Garba Tsawa na gari. Fatan nawa ya rushe. Rabi ta sa aka yanka zabbi, ta ce bayan wasa sai in taho da shi. Da la'asar fili ya cika maƙil, maza gefe, mata gefe, Inna na zaune a gaba cikin sabon lufaya. 'Yan fada suka sa ni tsakiya kamar ango. Makaɗa biyu suka yi nasu suka sauka, ban ji ko kalma ɗaya ba. Sai ga shi ya hau, rawani da tabarau. Ya durƙusa ya kwance gurminsa daga cikin tsohon bargo kore.

Na san bargon nan. Gwiwata ma ta san shi.

Ya yi waƙa guda, fili ya ɗauka. Sannan ya ɗaga hannu kiɗa ya lafa, ya kira sunana, da na mahaifina, da unguwarmu. A wurinmu in mawaƙi ya kira sunanka a fili, ba ka da wurin ɓuya, dole ka fito ka yi masa kari, ka liƙa masa kuɗi. Isa ya rungume ni yana cewa, "Ashe gaskiya kaka hwaɗi! Yahe min!" Na jiyo guɗa daga ɓangaren mata, kuma na gane muryar Rabi ce. Na fita tsakiyar fili.

Ya dafa kafaɗata, ya sauke rawanin daga bakinsa, ya ce cikin lasifika, "Jama'ar Hilinge, ga abokina na benci ɗaya. Ni dai awaki nak kiwata, ban taɓa taka ƙohwar lakwal ba. Amma shekaranjiya, tsakanin Baleyara da Bonkuku, bawan Allah wanga yas sa ni aji, yab ba ni lissahi, har da zuma."

Daga nan ya ja gurmi ya ƙirƙiro amshi nan take: "Abokina na benci ɗaya, ka ba ni boko cikin hiyas." Dubban mutane suka karɓa suna tafi. Na liƙa masa abin da ke aljihuna ban ko duba ba. Dariyar maza ba ta dame ni ba kamar abu guda: na waiga na ga Rabi ta ja mayafi ta rufe fuskarta, Inna na kallon ƙasa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma na san ni na saya da bakina.

Bayan magariba gida ya yi tsit. Ga tukunyar zabbi na ƙamshi, ga matan unguwa sun taru, rabi don jaje rabi don kallo. Rabi ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ina zaune a zaure ina tunanin ko in koma Yamai da zama, sai na ji sallama. Garba ne da makaɗansa.

Ya ce, "Ina uwargida? An hwaɗi min akwai zabbi."

Suka zauna suka ci har suna suɗe hannu. Da ya gama ya ɗauki gurmi ya yi wa Rabi baiti guda da sunanta, ya yabi hannunta, matan unguwa suka ɓarke da guɗa. Da na raka shi waje na fara haɗa kalmomin ban haƙuri, sai ya tare ni ya ce, "Kai ka sha naka can hili. Ita ba ta yi ma kowa ƙarya ba, don mi za ta kwana da kunya?"

Ina komowa na jiyo Inna ta bayan zana (ba ta yi mini magana kai tsaye, surukuta ce) tana cewa, "Rabi, mijinki Allah na ruhwa mishi asiri. Amma gaba, in yac ce baƙo na tahe, ki bari sai kin ga takalmin baƙon kahin ki kama zabo."

Har yau a fada Benci Ɗaya ake kirana, yara ma da shi suka san shagona. An ce bana za a sake yin bikin, har an fara jera makaɗa. Jiya Isa ya juyo da murmushin mugunta ya tambaye ni waye zai zo. Na ji cutar ta taso har maƙogwaro, na haɗiye ta da shayi mai zafi, na ce ban sani ba. Fada gaba ɗaya ta miƙe ta yi mini tafi.