Hayaƙin Filin Tudun Kanya

A wani daji da damina ta fara saɓa lokacinta, dabbobi suka amince cewa hayaƙin jiragen sama yana da hannu a lamarin. Majalisa ta kafa kwamiti, Dorina shugaba, Burtu gwanin awo. Aka ce su kiyasta hayaƙin kowane filin jirgi, su raba shi bisa yawan fasinja, wanda nasa ya fi yawa a rufe shi.

Bushiya ce ke kula da filin Tudun Kanya, can ƙetaren kogi. Ƙaramin jirgi ɗaya ke sauka mata duk Laraba, ya kawo magani, ya kwashi marasa lafiya zuwa asibitin birni, domin idan kogi ya cika babu wata hanya.

Ranar awo ta faɗo Laraba. Kwamiti ya iso cikin jirage bakwai, saboda Dorina ba ta haɗa jirgi da kowa, sauran kuma ba su ga abin da ta fi su da shi ba. Aka bar injuna suna ruri don kada kujerun manya su yi zafi.

Burtu ya kafa ma'auninsa, ya duba, ya girgiza kai.

"Iya, fasinja nawa gare ki yau?"

"Biyu, Malam. Zomo mai karaya da matarsa."

"Fasinja biyu, hayaƙin jirgi takwas! Ko babban filin birni bai kai rabin wannan ba."

Bushiya ta juya ga Dorina. "Ranki ya daɗe, bakwai ɗin ai naku ne. In za a lissafa hayaƙinku, a lissafa ku cikin fasinja mana."

Dorina ta gyara zama. "Baiwar Allah, mu ba fasinja ba ne, aiki ya kawo mu. Shi kuwa hayaƙi, a samanki aka gan shi. Ma'auni ba ya ƙarya, mu ma ba mu ji daɗi ba."

"To, marasa lafiya fa?"

"Wannan na kwamitin lafiya ne. Rubuta musu."

Aka rufe filin. Da kogi ya cika, aka ɗauko ƙanwar Bushiya a kan ƙyauren ɗaki, naƙuda ta yi gardama. Suka tarar da filin cike da jirage goma sha biyu, manya sun zo bikin dasa itace a kan titin saukar. Bushiya ta roƙi kujera ɗaya. Burtu ya yi mata bayani cikin ladabi cewa rufaffen fili ba ya ɗaukar fasinja.

Rahoton shekarar ya yaba wa Tudun Kanya ƙwarai: tun da aka rufe shi, ba a ƙara auna hayaƙi a can ba.