Yadda Na Mayar da Kantin Maganin Shanu Gidan Gyaran Amare

Ko da zan manta da komai na zamana a kantin Alhaji Umaru, ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na juya masa kwamfuta a gaban baƙonsa ina murmushi, ban san abin da ke kan allon ba.

Alhaji maganin dabbobi yake sayarwa a Roumdé Adjia, nan Garoua: maganin tsutsa, na kaska, allurai, gishirin lasa. Ni ne mai kula da sito, kuma da yake na ɗan yi lakwal, wato makarantar boko, duk abin da ya shafi rubutu ni ake miƙo wa. Kantin yana da shafi a intanet, wani ɗan ƙanen Alhaji ne ya gina shi kafin ya koma Yaoundé. Da zai tafi ya bar kwamfutar kanti a hannuna, ya nuna min inda ake shiga, na ce na gane. (Ban gane ba. Amma wa zai faɗi haka a gaban mai gidansa?)

Matata Jamila kuwa gyaran amare take yi a gida, dilka da halawa da lalle, sana'ar da ta koya wurin gwaggonta a Kousséri. Wata rana ta ce ta ga wata mai irin aikinta tana da shafi, hotuna reras, amare sai tururuwa suke. Maimakon in yi shiru, sai na ce ai wannan ƙaramin aiki ne, ni da nake riƙe da shafin kanti guda. Wani abokina ya buɗe mana adireshi da sunanta, ya ce saura in sa filogin na gina shafi, wato wata ƙaramar manhaja da ake ƙarawa, daga nan sai ja da ajiyewa kawai. Ya ce ko makaho zai iya.

Da tsakar rana, lokacin da zafin Garoua ke korar kowa daga titi, Alhaji ya tafi gida ya huta, na buɗe kwamfutar kanti. Na fara buga adireshi, sai ta ƙarasa min da kanta, ta shigar da ni ciki ba tare da ta nemi kalmar sirri ba. Na ji daɗi ƙwarai, har na yaba wa abokina a raina. Allon duk Faransanci ne, jerin abubuwa a gefen hagu, kuma a idona duk irin waɗannan allunan kamarsu ɗaya.

Na nemo filogin ɗin, na danna a girka, ya girku. Na zauna ina jira wani abu ya faru. Babu. Na kashe kwamfuta na kunna, babu. Na zargi rezo, wato layin sadarwa, na zargi zafi, har na ɗora kwamfutar a kan kwali na juya mata fanka. Sai washegari na lura akwai wani maɓalli a gefe da ke cewa a kunna shi. Ashe girkawa daban, kunnawa daban.

Da ya kunnu sai ya jero min samfura kala-kala, na zaɓi na gidan kwalliya mai ruwan hoda. Wani gargaɗi ya fito da dogon rubutu, wani abu game da maye gurbin shafin farko. Na ce to me ke shafin farkon Jamila da zan ji tsoron rasawa? Na danna i.

Ja da ajiyewar da aka ce makaho zai iya, ni mai ido biyu sai da ta sa ni gumi. In ja hoto zuwa dama, ya faɗo ƙasa. In ja rubutu, ya shige cikin hoto ya ɓace. Akwati a cikin akwati a cikin wani akwatin, in goge ɗaya, rabin shafi ya bi shi. Akwai lokacin da tafin hannun wata amarya ya cika allon gaba ɗaya, na rasa yadda zan rage shi, na zauna muna kallon juna ni da lallen. A hankali dai na samu abin ya tsaya. Har wani koren maɓalli na kira na gani a ƙasa, na danna saitinsa, ya ce zai yi amfani da lambar da ke cikin shafin. Na ce madalla, abokina har lambar Jamila ya sa.

Na kwafi adireshin daga sama, dogo ne kamar igiya, ban tsaya karanta shi ba, na tura mata. A waya sunan da ke saman shafi ba ya fitowa, hotuna ne kawai da koren maɓalli. Jamila ta yi murna, ta watsa shi a zaurukan matan unguwa da na dangi. Ranar har da soyayyen kifin Binuwai na ci.

Daga nan abubuwa biyu suka taso, kuma ina so mai karatu ya sani cewa duka biyun ni aka kawo wa ƙara.

A gida, Jamila ta ce kowa na yaba shafin amma ba wadda ta kira. Har wata ƙawarta ta ce ta kira, wani namiji ya ɗauka ya yi mata faɗa. Ta dube ni da wani irin ido. Na rantse ba ni ba ne, na ce layuka ne ke haɗuwa, rezon garin nan ai kin san shi.

A kanti kuma, Alhaji ya fara ƙorafin cewa mata sun dame shi. Wata ta tambaye shi ko yana zuwa gida ya yi aiki ko sai an zo wurinsa. Ya ce in garken na da yawa yana tura mutum. Ta kashe waya. Wata ta ce tana so fatarta ta yi laushi kafin biki, ya ce shi na kaska da ƙazuwa kawai gare shi, ta zage shi da Fulatanci. Ya tambaye ni, a matsayina na wanda ya san zamani, me ke faruwa. Na gyara tsayuwa na ce, “Alhaji, ’yan damfara ne. Sabon salo ne suka fito da shi. Kada ka saurare su.”

Na yi wa matata bayani da safe, na yi wa mai gidana bayani da rana, kuma ko sau ɗaya ƙwaƙwalwata ba ta haɗa zancen biyu ba.

Ana cikin haka wani babban dillalin shanu ya zo daga Meiganga, Alhaji Buba, dattijo mai natsuwa, wanda mai gidana ya daɗe yana so ya riƙa sayen magani a wurinmu. Aka shimfiɗa darduma, aka kawo shayi. Hira ta yi daɗi, sai mai gidana ya ce ai mu har a intanet muna nan, duk kayanmu mutum zai gani daga Meiganga bai taso ba. Ya ƙwala min kira in kawo kwamfuta.

Na durƙusa a gefen darduma, na buga adireshin kanti, kuma saboda in nuna gwaninta, tun shafin bai gama buɗewa ba na juya musu allon. Ni ina kallon fuskokinsu, ina jiran yabo.

Alhaji Buba ya ciro tabarau ya sa, ya matso. Ya karanta a hankali, da ƙarfi, irin karatun mai girmama rubutu:

“Maganin Dabbobi na Alhaji Umaru. Kawo mana ita kafin biki, mu gyara ta ta yi sheƙi, ango ya rasa bakin magana.”

Ya ɗago ya dubi mai gidana, ba alamar wasa a fuskarsa. “Alhaji, saniyar ce ake yi wa dilka?”

Na leƙo allon. Sunan kanti a sama, da ƙaramin hoton bijimi. A ƙasa, ruwan hoda ko’ina, ƙafafun amare jere da lalle. Abu na farko da ya zo min shi ne an yi mana kutse, har na buɗe baki zan faɗa. Sai na gane hoton tafin hannun nan da muka sha kallon juna. Kafin in yi wani motsi, Alhaji Buba ya nemi adireshin ya buɗe a wayarsa, ya danna koren maɓallin don ya ga me zai faru. Wayar mai gidana ta ɗauki ƙara a aljihunsa.

Alhaji ya ciro ta, ya dube ta, ya dube ni. “Wato kai ne ’yan damfarar.”

Ban san me na ce ba. Na tuna dai na ambaci filogin, na ambaci rezo, na ambaci Jamila, ba wanda ya haɗu da wani. Dattijon Meiganga ya fara dariya a hankali, kafaɗunsa na rawa, har ya ajiye kofin shayi kada ya zube. Mai gidana bai yi dariya ba. Ya ce in ɗauke masa amare daga kan shanunsa kafin la’asar.

Na koma sito, na ce abin da na kunna ai kashe shi ne magani. Na kashe filogin ɗin. Amare suka tafi, amma maganin ma bai dawo ba, sai wasu baƙaƙen haruffa da alamomi birjik kamar an zubar da shinkafa. Dole na kira ɗan ƙanen Alhaji a Yaoundé na faɗi gaskiya. Sai da ya gama dariyarsa sannan ya ce ya ajiye kwafin tsohon shafin, ya mayar da shi kafin magariba.

Ba a kore ni ba, kuma Alhaji Buba ya yi sayayya, ko da yake har yau in ya kira kanti sai ya ce a ba shi mai dilka. Hukuncin gida ya fi tsanani. Jamila ta sa na karɓo lambobin matan daga wayar Alhaji, na kira su ɗaya bayan ɗaya ina ba da haƙuri, har da wadda aka yi wa tayin maganin ƙazuwa. Wannan ba ta yafe ba.

Abin da na koya bai da yawa. In kwamfuta ta shigar da ni wuri ba ta tambaye ni komai ba, yanzu nakan tsaya in duba gidan wa na shiga. In kuma mutum biyu suka kawo min ƙara a mako ɗaya, ɗaya ba a kiransa, ɗaya an dame shi da kira, ba na ƙara zargin rezo. Kaina nake fara tuhuma, kuma yawanci a nan binciken ke ƙarewa.