Ƙofar da Teku Ya Bari

Mutanen gabar Keta ba sa tsoron teku. Wannan magana ce tabbatacciya, kuma duk wanda ya tambaye su za su faɗa masa da babbar murya, galibi suna zaune a sabon gidan da suka gina can nesa da ruwan, na uku ke nan tun da tekun ya fara biyo su.

Senanu ma ba ya tsoro. Mutumin da ya bar gyaran waya a Accra ya buɗe sana'ar kai mutane yawon hutu, ai teku abokin aikinsa ne. Bana kuwa yayi ya sauya. Bara, da watan Agusta ya kama, samari da 'yan matan birni kwanciya suke so a gindin kwakwa da ƙaton tabarau. Bana babu mai son kwanciya, kowa hoto yake so a wurin da teku ya cinye. Senanu kuwa yana da abin da babu mai irinsa, wato ƙofar gidan kakansa Amuzu. Ruwa ya tafi da ɗakunan da katangar da kabarin maigidan da ke tsakar gida, ya bar bakin ƙofar kaɗai, ginshiƙai biyu na siminti da matakala uku, tsaye cikin kumfa. In ruwa ya janye, ana iya takawa har wurin na kamar awa ɗaya.

Mutum goma sha huɗu suka yi rajista, kuma tafiyarsa ta farko ke nan. Motarsu ta taso daga Accra da asuba. Shi ya zo tun jiya don ya duba wurin. Ya kuwa duba, shi ya sa da safiyar nan yake tsaye a gaban kakarsa Akosiwa da leda a hannu. Tana juya kifi a kan murhun banda, farin hazon teku mai jiƙa riga ya rufe komai har ba a ganin gidan maƙwabta.

"Da gajiya kuma, matata? Ashe yau ma kin tashi. Ke dai ba kya fashi."

"Na tashi, mijin banza. In na ƙi tashi wa zan bar wa kai? Wace mace ce za ta ɗauki namiji mai ƙafafun ƙaguwa?"

"A Accra layi mata suke yi a kaina."

"Na ji labari. Layin karɓar wayoyinsu da ka ƙarasa lalatawa."

"Ga burodi na kawo miki, mai laushi, saboda haƙoran nan naki biyu da rabi."

"Jiya ka zo, yau ka tuna da burodi. Me kake so?"

"Ni? Ba komai. Cewa na yi ki zo ki ga baƙina. Mutanen birni suna son kayan tarihi. Ga ƙofa, ga ki, shi ke nan sun ga komai."

"Ni ce kayan tarihin?"

"Sai dai a rataya miki takarda a wuya, a rubuta kada a taɓa."

Tsohuwar ba ta yi dariya ba. Ta bi shi da kallo daga kai har ƙasa, idonta ya tsaya a ƙafarsa.

"Me silifas ɗina na wanka yake yi a ƙafarka?"

"Yayi ne."

"Jiya da yamma ka fita da takalma biyu farare, kana taku kamar ɗan gwamna. Ka dawo da ɗaya. Na tuƙa maka tuwon akple, ka zauna kana kallonsa kamar shi zai ci ka. Senanu, me ka gani a ƙofar?"

"Ban ga komai ba."

Gaskiya ya faɗa, bai ga komai ba. Abin da ya faru shi ne, babu ɗan ƙabilarsu ta Anlo da zai ƙetare bakin ƙofa bai ce "Agoo" ba, ya tsaya sai an amsa masa da "Amee" daga ciki. Da ranƙwashi ake koya wa yaro wannan, kuma ba ya fita ko ya yi shekara goma a birni. Jiya Senanu ya hau matakalar nan uku da waya a hannu yana neman inda hoto zai fi kyau, bakinsa ya yi sallamar da kansa, a ƙofar da babu gida a bayanta. Sai aka amsa.

Ya faɗa mata haka a gajarce, yana kallon kifin.

"Amma iska ce," in ji shi.

"Iska ta koyi yarenmu ke nan."

"Ko igiyar ruwa. Kin san in ta daki siminti takan yi wani irin sauti."

"Muryar tana da kaushi?"

"Ɗan kaɗan."

"An ja ƙarshenta, kamar mai ƙyuyar tashi daga kujera?"

Senanu ya gyaɗa kai. Can cikin hazon tekun yana ta numfashi, ba a ganinsa.

"Amuzu ne," in ji ta, tana juya wani kifin. "Shekara talatin da ɗaya ina jin wannan amsar. To, da ka shiga me ya ce?"

"Na shiga ina?"

Nan ne ta ajiye sandar juya kifi.

"Ba ka shiga ba?"

"Tsohuwa, babu ciki! Ruwa ne!"

"Ka yi sallama, aka amsa maka, ka juya ka zuba da gudu? A gidan kakanka?"

Senanu ya lura cewa maganar mamaci ba ta dame ta ko kaɗan ba. Rashin tarbiyyar ne ya tashe ta tsaye.

"Wanda aka amsa wa sai ya shiga ya zauna, a ba shi ruwa, a tambaye shi abin da ke tafe da shi. Ko ɓarawo ya san wannan. Yanzu tun jiya mutumin nan yana zaune yana jiran baƙonsa, kai kuma za ka kwaso masa mutum goma sha huɗu da gajeren wando su tsaya masa a ƙofa suna turo baki."

"Minti biyar-biyar ne kawai, su ɗauka su fita."

"Su fita? Amuzu in aka bar shi yana jira, duk wanda ya fara shigowa ba ya barinsa ya tafi da wuri. Haka yake tun yana da rai."

Ta faɗi wannan ne da muryar da take faɗin farashin kifi. Wayar Senanu ta yi ƙara, saƙon direba ne, sun haye gadar Sogakope. In ya ce an fasa, kafin rana ta faɗi sunansa ya zaga wayoyin Accra, sana'ar ta mutu a ranar haihuwarta. In kuwa ya kai su haka nan, bai san adadin da zai mayar ba.

"Na gane," ya ce yana ƙoƙarin murmushi. "Kishi yake yi. Ya ji labarin na aure ki."

"Da kai? Amuzu shi kaɗai yake riƙe igiyar taru mutum shida su huta. Kai ledar burodi ma sai da ka sauya hannu."

"Duk ƙarfin nasa ai ni na gaje ki."

"Ka gaji me? Takalminka ma ka kasa riƙewa."

"To ki zo mu je tare, ki ga yadda maza suke magana da maza."

"Maza ba sa bukatar rakiya. Ga hanya nan."

"Ƙafarki nake tausayi. Likita ya ce ki riƙa motsa jiki."

"Likita ya ce in daina ɗaukar kaya mai nauyi, kai kuwa ka yi min nauyi tun ranar sunanka."

Wayar ta sake ƙara. Senanu ya dube ta, ya dubi farin hazon da ke wajen teku, ya durƙusa a gaban murhun.

"Mama, tsoro nake ji."

"Kunnena ya tsufa, ai kayan tarihi ne. Ƙara faɗa."

"Tsoro nake ji!"

Ta tuntsire da dariya har sai da ta dafa gwiwa, ta share ido da bakin zane, ta ɗauki kifi mafi girma ta danƙa masa a hannu.

"Ci, mijina. Ba a zuwa gaban maigida da yunwa. Ɗauko min kujerar roba."

Ta dama garin masara a ƙwarya, suka gangara, ita a gaba, shi a baya da kujera a ka. Ruwa ya janye, yashin ya yi sanyi. Ƙofar ta fito daga cikin hazon a hankali, baƙa, jiƙe, gansakuka ta hau ginshiƙanta. Ko tsuntsu babu.

Senanu ya buɗe baki zai yi sallama, ta ɗaga masa hannu.

"An amsa maka tun jiya. Ba a amsa wa mutum sau biyu. Shiga."

Ya hau matakalar. Ya ƙetare. Can gefe, a kan ragowar daɓen, ga farin takalminsa an ajiye shi daidai jikin ginshiƙi, bakinsa yana kallon waje, yadda ake gyara wa baƙo takalmi. Sau biyu ruwa ya cika ya janye tun jiya. Bai taɓa shi ba. Ya zauna a jiƙaƙƙen simintin, tsohuwar ta miƙa masa ƙwaryar ya kurɓa, ta zuba sauran a ƙasa sau uku tana kiran sunan mijinta. Sannan Senanu ya faɗi abin da ke tafe da shi, da muryar da shi ma bai san ta ba: shi ne jikansa, ɗan Kafui, ya yi kuskure jiya, yana da baƙi goma sha huɗu, hoto kawai za su ɗauka, yana roƙon a bar su su shigo, a kuma bar su su tafi.

Wata igiyar ruwa ta zo ta lashi daɓen ta koma. Tsohuwar ta karkata kai tana saurare.

"Me ya ce?"

"Ya ce ka rame, kuma wandonka ya matse."

"Mama!"

"Ya yarda. Amma kowa ya yi sallama kafin ya taka. Ni zan riƙa amsawa a madadinsa, kada a gajiyar da shi."

Ƙarfe goma sha ɗaya da 'yan mintoci baƙin suka iso da tabarau da manyan huluna. Dokar sallamar ta yi musu daɗi ƙwarai, suka ce irin wannan suke nema. Aka dasa wa Akosiwa kujerarta a gindin ginshiƙi, ruwa yana wanke mata idon sawu, ledar burodi a cinya. Ɗaya bayan ɗaya suke hawa, su ce "Agoo" suna dariya, ta ce "Amee", su shiga su karkace a ɗauke su, su fito. Senanu yana tsaye yana ƙirga masu shiga da masu fita.

Ta ƙarshe wata doguwar budurwa ce mai rawayar riga. Ta hau, ta ce "Agoo!" Aka amsa da murya mai kaushi, ta shiga. Senanu ya juya wajen kakarsa. Kumatunta cike suke da burodi, ta daina taunawa, idonta yana kan teku.

Doguwar ta daɗe. Ta juya hagu, ta juya dama, ta ce a sake. Ruwa ya fara hawa matakala ta farko. Sannan ta fito tana duba wayarta, ta ce hasken bai yi ba amma za ta gyara.

Goma sha huɗu suka shiga mota. Senanu ya ƙirga su sau uku, har direba ya tambaye shi ko lafiya.

Da yamma suka rubuta ra'ayinsu a waya. Sun yaba da ƙofar, sun yaba da tsohuwar, sai dai kusan dukansu sun yi ƙorafi cewa wurin ba shi da banɗaki.