Titin Emilia, Lamba Ɗaya

Ranar Talatar nan, jama'a, saura ƙiris in rasa matar aure saboda gidan surukina ba shi da lamba.

Akwai wata yarinya a wani ƙauye can bayan Fadan Kagoma, sunanta Emilia, wadda in ta yi dariya sai in manta rabin littattafan da na karanta. A wajensu, mai neman aure sai ya yi wa uban yarinya noma. Na je gonar citta da zuciya ɗaya. Ban yi awa biyu da garma ba bayana ya ƙi miƙewa. Ubanta, Baba Kumai, ya dube ni, ya dubi ɗan wurin da na karce.

"Ɗana Eli, garma ba naka ba ne," in ji shi. "An ce kai ɗan boko ne. To taki ya zo gari, kuma wai inji ne yana rabawa yanzu. Je ka yi masa Turanci ka kawo mini nawa. In citta ya wuce lokaci bai ci taki ba, ni da kai sai gaisuwa a coci."

Abin da ya kai ni wani ofishi a Kafanchan ke nan, wanda ba zan faɗi sunansa ba, don ina so a ɗaura mini aure da haƙorana cikakku.

Shekara goma sha biyu ana raba taki a wannan ofishi da wani ƙaton littafi mai baƙin bango, a hannun akawu Malama A'i, wadda ta san kowane manomi har da sunan akuyarsa. Bana sai Allah ya ba mu shugaba mai hangen nesa, Mai Girma Sarkin Yanka Zare. Ya je wani taro ya ga kwamfuta, ya dawo ya ce littafi ƙauyanci ne. Aka ba wani ɗan kwangila daga Ikko aikin. Ranar buɗewa an kafa rumfa, an ci shinkafa, sannan aka kulle littafin a sito, makullin ya bi aljihun Mai Girma.

Na shiga layi tun safe. Sai azahar aka kunna janareta, don direban ofis yana can layin mai da jarka. Da na iso gaban tebur, Malama A'i ta buga suna, ta buga ƙauye, sai ta yi ajiyar zuciya.

"Sunan titi da lambar gida."

"Malama, wane titi? Bayan coci ne, ki bi ta gindin ɗorawa, gida mai rumbu uku."

"Na sani, Malam Eli, na sha kunun acca a gidan. Kwamfutar ce ba ta sani ba. In ban cika wurin nan ba, ba ta motsawa. Mako uku ke nan, 'yan cikin gari kaɗai ke samu."

"Wanda ya haɗa ta bai tambaye ki yadda kuke aiki ba?"

"Ya yi mini tambaya ɗaya. Ina ake samun tsire mai kyau."

"Ba a koya miki yadda ake gyarawa ba?"

"An yi kwas na mako biyu a otal a Jos. Oga ya je da mataimakansa huɗu. Ni an nuna mini inda ake kunnawa."

Ni dai ɗan abin da na karanta kan irin wannan aiki ba shi da wuya. Kafin ka haɗa inji, ka zauna da wadda za ta yi aiki da shi, ka ji yadda mutanenta suke. Ka gwada shi da ƙauye ɗaya tukuna. Kada ka kulle tsohon littafi sai sabon abu ya nuna zai iya tafiya da ƙafarsa. Amma waɗanda suka rubuta haka ba su san manyanmu ba, masu tunani mai faɗi. Da aka kai wa Mai Girma kuka, bai tsaya ƙaramin aiki irin cire layi ɗaya daga fom ba. Ya kafa kwamitin raɗa wa tituna suna da liƙa wa gidaje lamba a ƙauyuka sittin. Kwamiti ya zauna sau tara, har yau ana kan batun sunan wa za a fara sa wa titi, na Mai Girma ko na Shugaban Kwamiti. Taki kuwa yana sito yana shan danshi, ya fara zama dutse.

Na tsaya gaban tebur idona ya ciko. Na tuna Emilia a bakin rafi, na tuna gaisuwa a coci har ƙarshen rayuwata. Sai na sunkuya na rage murya.

"Malama, tana zuwa ta duba ko titin yana nan?"

"Ko ƙofa ba ta taɓa fita ba."

"To rubuta: Titin Emilia, lamba ɗaya."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta buga. Kwamfuta ta yi ɗan tari, ta tofo takarda: buhu huɗu.

Maƙwabcina Tagwai, wanda ke bayana tun safe da kunne a miƙe, ya matso ya cire hula.

"Ina wuni, Malama. Ni ma a titin nan nake. Lamba biyu."

"Tagwai, kai da kake hanyar Fadan Kaje?"

"Na yi ƙaura, ɗan'uwa. Yanzun nan."

Kafin la'asar Titin Emilia ya kai lamba ɗari uku da goma sha ɗaya. Fastoci biyu, liman ɗaya, da wata tsohuwa da ta nace a ba ta gida kusa da famfo. Duk wanda ya karɓi takardarsa sai ya kama hannuna ya ce Allah ya sa albarka a wannan unguwa.

Na ɗaure buhuna a babur, sawu biyu, na kai ƙauye. Labari ya riga ni isa. Emilia ta leƙo daga madafa ta rufe fuska da zani, kafaɗunta suna rawa don dariya. Baba Kumai ya soka yatsa a buhu, ya shinshina, sannan ya dube ni.

"Na ji wai sunan 'yata yana aljihun maza ɗari uku."

"Baba, da mata a ciki."

"Kuma wai ni ne lamba ɗaya."

"Kai ne, Baba."

Ya gyara tsayuwa. Na ga abin ya ɗan yi masa daɗi.

"To. Ka ba yarinya titi, saura ɗaki. Ka turo iyayenka ran Asabar."

Na dawo Kafanchan ina rera waƙa a kan babur, har wani ɗan sanda ya ɗauka na sha burkutu.

Jiya kuma Malama A'i ta aiko mini da saƙo. Kwamfuta ta fitar da rahotonta na farko, an kai wa Mai Girma, ya karanta da kansa, ya yaba ƙwarai. Rahoto ya nuna babu titin da ya kai na Emilia yawan jama'a a duk yankin nan, don haka ya yi alkawari za a zuba masa kwalta kafin ƙarshen shekara. Na ji har injiniyoyi sun fita nemansa da mota. Ban damu ba ko kaɗan. Titunan da suke nan a fili ma, kwaltarsu a wuri ɗaya take da tamu.