Asubar da Ban Durƙusa wa Surukina Ba

Ban taɓa shan wahalar banza irin wannan ba. Wani mai kwalekwale a Yelwa ya ce in na farka tsakar dare na koma barci, zan gane mafarki nake, in yi abin da na ga dama. Na yi ta tashi har idona ya kumbura.

Wata asuba sai ga surukina na Warra a ƙofar gida. Na ce to, mafarki ya kama. Ban durƙusa ba, na dafa kafaɗarshi na ce, "Tsoho, surutunka ya ishe ni."

Ashe ido biyu nake. Nan take ya tafi da 'yarshi.

Washegari na ɗauki kwandon kifi na tafi biko. Har yau a bakin ruwa kafin gaisuwa sai an tambaye ni, "Malam, ka farka?"